Datti Ɗan Ingila Na Dindindin

Duk wanda ya zauna unguwar Gangare ta Jos a shekarun da naira take tashenta ya san Datti Kuku. Shi ne mai dafa wa wani Baturen kuza abinci a wajen Bukuru. Hannunsa da daɗi, wannan kam ba mai musu, sai dai bakinsa ya fi hannun aiki. Da haƙar kuza ta fara ja da baya, Baturen ya tattara zai koma ƙasarsu, matarsa ta kafe ba inda za ta sai da mai yi mata farfesu. Aka yi wa Datti fasfo, aka tafi da shi Ingila.

Shekara huɗu da 'yan watanni yana can, daga kicin sai ɗan ɗakinsa na bayan kicin. Ran nan aka buga masa tambari a fasfo, cewa yana iya zama a ƙasar ba tare da wa'adi ba. Saboda murna ranar har miya ya ƙona. Da ya natsu sai ya tambayi kansa, to mene ne amfanin tambarin da mutanen Gangare ba su gani ba? Bai cika sati ba ya roƙi hutun mako shida, ya hau jirgi.

A watan Fabrairu na 1977 tasi ta sauke shi a bakin lungunsu. Kwat da wando, ga wata ƙatuwar kwat ta sanyi har gwiwa, ga hula baƙa kamar an kifa tukunya, ga lema rataye a hannu alhali ko ɗigon hadari babu. Fasfon kuwa yana cikin jakar fata a wuyansa kamar laya.

Yayarsa Rabi tana ƙofar gida tana suyar masa. Ita ta raine shi, kuma ita kaɗai yake shakka a duniya. Ya tsaya a gabanta ya ɗan taɓa bakin hula.

"Gud aftanun, Madam."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Madam ɗin gidanku. Sauke tukunyar nan daga kanka ka durƙusa ka gaishe ni."

"Yaya, mu a can ba ma durƙuso."

"To ku a nan za ku yi."

Ya durƙusa. Wandon kwat ya ce ɓarak! daga baya. Saboda haka ziyararsa ta farko a ƙasar haihuwa shagon Lukuman tela ya kai ta, abokinsa tun na yarinta, yana tafe yana kare bayansa da lema.

Kafin Lukuman ya gama ɗinkin, shago ya cika ya batse. Datti na zaune ɗaure da zanen aro, ya buɗe jakar wuya ya ɗaga fasfon sama.

"Ku duba da ido, ban da hannu."

"Me aka rubuta a ciki?" in ji Lukuman.

"Dindindin."

"Duk wannan dogon rubutun dindindin kawai ya ce?"

"Turanci ba shi da taƙaitawa irin ta Hausa."

Gaskiyar magana, karatun Datti bai wuce na jikin gwangwani ba, shi ma hoton yake dubawa. Amma wa ya sani? Ya gyara zama ya shiga ba su labari. Ya ce shi yanzu ya wuce kuku, babban manajan harkokin gida ne, Turawa goma ke ƙarƙashinsa. Gidansa hawa huɗu. Direban jirgin ƙarƙashin ƙasa in bai gan shi ba ba ya tashi.

A bakin ƙofa akwai Badung, direban gingimari mai jigilar dankalin Turawa, ya saki baki yana saurare. Can ya ce, "Oga Datti, wannan tambarin, mutum nawa yana ɗauka?"

Datti bai taɓa tunanin wannan ba. Amma ga idanu sun fi talatin a kansa, kuma ya ji kalmar oga ta ratsa shi har tafin ƙafa.

"Goma sha biyu," ya ce. "Ban da direba."

Shago ya ɗauki sowa. Nan take mutane suka fara ture juna, kowa na tuna masa alherin da ya taɓa yi masa. Datti ya ɗaga hannu.

"Ku tsaya! Ba zan kwashi mutane haka kawai su je su kunyata ni a gaban maƙwabtana ba. Sai na horar da ku. Wanda ya ci jarrabawa shi zai shiga jirgi."

Zaɓen ɗalibai kaɗai ya cinye mako shidan hutun. Ya ɗauki Lukuman, ya ɗauki Adaugo mai sayar da kifin ƙanƙara, da wasu mutum goma, Badung kuma a matsayin direba. Tun daga ranar kaji da ƙwai da dankali suka fara sallama a gidan Yaya Rabi. Da ta tuna masa hutu ya ƙare, sai ya shafa jakar wuya.

"Yaya, dindindin ne fa. Ba gudu yake ba."

Darasin farko shi ne bin layi. Datti ya ce a Ingila ko mutum biyu suka haɗu a titi sai ɗaya ya tsaya bayan ɗaya, kuma wanda bai iya layi ba tun a filin jirgi ake juyo da shi. Ya kwashe su zuwa bakin kasuwa da hantsi, ya jera su a gaban wani shago da ke kulle, kowa riƙe da jarida. Ya ce ba magana, ba waiwaye, ba tofar da yawu.

Wata mata mai goyo ta zo wucewa, ta ga mutane sha uku tsaye tsaf a ƙofar shago, sai ta bi bayansu. Wani ɗan dako ya ajiye kurarsa ya bi bayanta. Kafin minti talatin layi ya sha kwana ya nufi tasha. Na tsakiya suka ce madarar gwangwani za a sayar da araha. Na bayansu suka ce atamfa ce. Na can ƙarshe kuwa sun tabbatar kujerar Makka ake rabawa, har wani tsoho ya aika gida a kawo masa hotonsa.

Datti yana zagayawa da lema a kafaɗa, farin ciki kamar ya kashe shi.

"Lukuman, ka gani? Kwana ɗaya na wayar da Jos!"

"Ni dai ina ganin mu sulale," in ji Lukuman ta gefen baki.

"Ba magana a layi!"

Da rana ta take, ya hau kan wata gangar mai ya busa usur. "Jama'a, darasi ya ƙare. Kun yi ƙoƙari. Kowa ya watse. Tankiyu."

Sai matar nan mai goyo ta ce, "Ina madarar?"

"Wace madara, Madam? Layi muka koya."

"Layin me?"

"Layi dai. Zallarsa."

Tumatirin farko a hula ya same shi. Na biyu bai tsaya ganin inda zai sauka ba, ya diro ya ranta a na kare, mutum ɗari biyu a bayansa, tsohon kujerar Makka a sahun gaba. A ƙarƙashin teburin wani mahauci ya ƙarasa yinin. Da ya dawo gida kwat ta yi jajur, lema ta zama tsinke. Yaya Rabi ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Miya aka yi da kai?"

"Ba za ki gane ba, Yaya. A can ma manyan mutane kaɗai ake jifa da tumatir."

Haka watanni suka yi ta tafiya. An yi darasin cin tuwo da cokali mai yatsu, wanda ya ƙare da ɗinki uku a leɓen wani ɗalibi. An yi darasin murmushi ba dalili. Da damina ta biyu ta wuce, Datti ya ce zai yi gaba ya shirya musu masauki, aka haɗa masa liyafar ban kwana. Aka yanka rago, masu kalangu suka zo, maroƙi ya dinga wasa shi, "Na dindindin, angon ƙanƙara! Ka fi tambari, tambari ya fi biza!" Datti ya yi rawa har hula ta faɗi. Washegari aka raka shi tasha, ya shiga mota, ya leƙo ta taga ya ga mata na share hawaye. Sai ya ji a ransa, wa zai yi masa haka a can? Can da ko kare ba ya kula shi? Ya buɗe ƙofa ya sauko.

"Na tuna! Ba mu yi darasin sanyi ba. In na tafi haka alhakinku na wuyana."

"Ragon fa?" in ji wanda ya kawo ragon.

"Ya samu lada."

Darasin sanyi a ɗakin ƙanƙarar Adaugo aka shirya shi, inda take ajiye katan-katan na kifi. Datti ya ce sanyin Jos da ake ta kururutawa, a Ingila zafi ake kiransa. Ɗalibai suka zo da barguna da rigunan sanyi. Shi kuwa ya tuɓe daga shi sai singileti da gajeren wando, ya bugi ƙirji.

"Ni jinina ya riga ya juye. Ku shigo ku ga yadda ake yi. Minti goma kawai."

Suka shiga, suka bar ƙofa a ɗan buɗe. Ba su jima ba Sylvester mijin Adaugo ya dawo daga kai kaya, ya ga ƙofar, ya yi tsaki. "Matar nan za ta narkar mini da kifi." Ya tura ta ya sa sakata, ya tafi cin abincin rana.

Datti dai duk sanyin Ingila a gindin murhu ya yi shi. Minti biyar haƙoransa suka fara kaɗawa, gwiwoyi na gware da juna.

"Oga, kana rawan sanyi," in ji Badung.

"Ra-ra-rawar Turawa ce. Da ita su-suke gaisawa da hunturu."

Adaugo ta je buɗe ƙofa, ta ji ta gam. "Chineke! Sun kulle mu!"

Jin haka manajan harkokin gida ya manta da Turanci kaf. Ya fizge bargon Lukuman, ya fizge ɗankwalin Adaugo ya naɗe kunnuwa, ya sunkuci wani ƙaton kifi da ya daskare kamar taɓarya ya shiga dukan ƙofa da shi.

"Jama'a a taimaka! Yaya Rabi! Wayyo Yaya Rabi! La'ilaha illallahu, zan mutu cikin kifi!"

"Ba ka ce jininka ya juye ba?" Lukuman ya tambaya yana jan bargonsa.

"Ya sake juyowa!"

Sai da Sylvester ya cinye sakwararsa ya sha ruwa ya yi sakace sannan ya dawo. Yana zare sakata mutum goma sha huɗu suka zubo masa a jiki. Daga nan har Gangare kyanwoyin unguwa uku ne suka raka su, Datti a tsakiya an tallabo shi, gashin bakinsa fari fat.

Mura ta kwantar da shi, aka kai shi Kabong wajen Sista Gertrude, tsohuwar nas da ta yi karatunta a Ingila ta dawo ta buɗe ɗan ɗakin shan magani. Tana haɗa allura ta ga jakar wuya, ta tambaya, ya ba ta labari har da ƙari.

"Yaushe ka baro can?"

"Fabrairun bara."

"To ka yi hankali, Malam Datti. Irin wannan tambarin, in mutum ya wuce shekara biyu a waje, ya mutu."

Datti ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Sista, ku karatu kuka je, ƙaramin tambari aka ba ku. Nawa babba ne. Kin taɓa jin inda dindindin ya mutu?"

"Na dai faɗa maka. Juya ka sauke wando."

Da ya warke aka yi liyafar ban kwana ta biyu, wannan karon da akuya. Ya kai har cikin mota, sai ya ce ina, babbar Sallah ta matso, ba zai bar Yaya ta yi ta ita kaɗai ba. Bayan Sallah ya ce yanzu can ƙanƙara ta rufe hanya. Da ƙanƙara ta narke ya ce jiragen wannan watan ba su da kyau.

Sai haƙurin mutane ya ƙare. Ɗalibai suka zo gidan a ayari, Yaya Rabi ta fito da cokalin juya masa a hannu ta tsaya tare da su.

"Datti, shekara biyu kana cinye mini masa ashirin kowace safiya kana ce mini Madam. Asabar ta ƙarshen watan nan za ka kwashi mutanenka ku tafi. In ka sauko daga mota wannan karon, da wannan cokalin zan mayar da kai."

"Fasfo fa?" in ji Adaugo. "Mu ba mu da shi."

"Nawa ya wadatar," Datti ya ce. "In mun isa filin jirgi ku dai ku riƙe bayan kwat ɗina, kowa ya riƙe na gabansa, kada ku saki."

A ransa kuwa wata dabara yake ƙullawa. Ya yanke shawara in sun isa filin jirgin Kano zai shiga ciki shi kaɗai, ya fito ya ce jirgi ya cika, su koma sai ya aiko. Da ya samu wannan dabara sai ya ji ya fi kowa wayo a Jos, ya ci masa ashirin da biyar.

Ranar Asabar ɗin, ƙarshen Afrilun 1979, Gangare ta cika maƙil bayan azahar. Lukuman ya ɗinka wa duk ɗaliban kwat iri ɗaya, har da Adaugo. Akwatuna goma sha biyu jere a bakin lungu. Badung ya wanke gingimarinsa ya ɗaura mata ganye da kyallaye, ya rubuta da alli a jiki: JOS, KANO, LANDAN. Dangi sun zo daga Bauchi da Lafiya, surukar Adaugo tun daga Onitsha. An ɗauko lasifika, an sa Sista Gertrude a kujerar babbar baƙuwa. Iyaye mata sun yi kuka sun yafe wa 'ya'yansu duniya da lahira.

Datti na tsakiyar jawabi, yana bayanin yadda zai raba musu ɗakuna a hawa na uku, sai wani maƙwabci mai akwati a gidan waya ya kutso yana ɗaga shuɗiyar ambulan.

"Wasiƙa daga Ingila! Ta Datti ce!"

Datti ya karɓa, ya gane rubutun matar maigidansa. Zuciyarsa ta yi fari. Ya tabbata kuka take, farfesu ya gagara, tana roƙon ya dawo. Ya ɗaga ambulan ya juya ta gabas da yamma.

"Kun gani? Sun kasa haƙuri!"

"A karanta! A karanta!"

Ya lalube aljihu. "Kash, tabarau na cikin akwati. Sista, taimaka ki fassara wa jama'a."

Sista Gertrude ta buɗe, ta bi ta da ido, ta ɗago. "Malam Datti, mu ɗan shiga daga ciki."

"A'a, a lasifika! Mu mutanen Ingila ba mu da ɓoye-ɓoye."

"Ka tabbata?"

"A ƙara murya ma!"

Ta gyara tabarau ta kama makirfo. "Ta ce, zuwa ga kukunmu Datti."

Datti ya miƙa wuya wajen makirfon. "Kuku a Turancin can ciki, shi ne babban manaja. Ci gaba."

"Ta ce, mun ba ka hutun mako shida, yau wata ashirin da shida ke nan."

"Kun ji ƙauna? Har watanni suke ƙirgawa!"

"Ta ce, mun gaji da jira mun ɗauki wani kuku. Bai kai ka iya farfesu ba, amma in ya tafi hutu yana dawowa."

"Mataimaki! Mataimaki aka ɗaukar mini. Dama na daɗe ina nema."

"Ta ce, ɗan ɗakinka na bayan kicin mun sa injin wanki a ciki."

Lukuman ya miƙe. "Ɗan ɗaki? Ina hawa huɗun?"

"Ɗakin ne ke da hawa huɗu," in ji Datti, gumi na tsattsafo masa. "Ta ciki. Sista, ya isa haka, sauran gaisuwa ce."

Ya kai hannu zai karɓe, Yaya Rabi ta buge hannun da cokali. "Ƙarasa, Sista."

"Ta ce, maigida ya je ya tambaya a ofis. An ce tunda ka wuce shekara biyu a waje, tambarinka ya daina aiki. In kana son dawowa sai ka nemi sabon izini kamar kowa. Muna yi maka fatan alheri. Don Allah ka aiko mana da yadda kake haɗa yajin farfesu."

Kalangu ya tsaya. Ba ka jin komai sai ƙugin lasifika. Datti ya sake miƙa wuya wajen makirfon.

"Wato... abin da take nufi... an ɗaga ni daga dindindin zuwa..."

"Sista," Lukuman ya katse shi, "tsakaninki da Allah, tambarin nan mutum nawa yake ɗauka?"

"Lokacin da yake da rai? Mutum ɗaya."

"Ban da direba?" in ji Badung.

"Har da direba, ɗaya."

Datti ya dubi lungu, ya auna nisansa, ya zabura. Bai yi taku uku ba ya ji an riƙe bayan kwat ɗinsa. Lukuman ne, Adaugo na riƙe da Lukuman, sauran goma na riƙe da juna a layi tsaf. Ya ja, suka ja. Ya zagaya kujeru, suka zagaya tare da shi, akwatuna na zubewa, kaji na tashi sama, surukar Adaugo na binsu a gefe tana zazzaga masa Ibo. Maroƙin nan da ya ga abin ya yi daɗi sai ya kama makirfo, "Na dindindin ya zama na ɗan lokaci! Angon injin wanki!"

A gindin gingimari suka cim masa. Hannaye sun tashi sama ke nan Yaya Rabi ta ratso ta tsaya a gabansa.

"Kul! Ba mai dukan ƙanena ina raye." Ta juya ta ƙwala masa cokali a tsakar ka, ƙwal! "Sai ni."

Aka fashe da dariya, fushin ya ɗan sauka. Amma sai Lukuman ya zauna a kan akwatinsa ya dafe kai.

"Ni yanzu da wace fuska zan koma gida? Tsohuwata ta yi kuka ta yafe mini. Na raba almakasaina. Na gaya wa mai gidan haya abin da na daɗe ina son gaya masa."

"Ni fa?" in ji Adaugo. "Mama ta zo daga Onitsha ta ga na tafi ƙasar waje. Dole ta ga na tafi ƙasar waje!"

Sauran ma suka ce haka. An yi musu ban kwana, an yi addu'a, an ci shinkafa. Ba mai iya ɗaukar akwati ya koma ɗakinsa a gaban wannan taro.

Badung ya yi gyaran murya. "To, ni dai mota ya sha mai. Kuma gaskiya tun ranar kifi ban yarda da oga ba. Shi ya sa na loda dankali buhu hamsin a ƙarƙashin benci, na ce in abu ya lalace a Kano zan wuce da shi Maraɗi."

Lukuman ya ɗago kai. "Maraɗi ƙasar waje ce?"

"Akwai boda. Akwai tuta. Sojan su ma wani irin hula yana sawa."

Suka dubi juna. Adaugo ce ta fara jefa akwatinta cikin mota. Kafin ka ce me, an goge LANDAN an rubuta MARAƊI, ɗalibai sun ɗare benci, ƙarti huɗu sun ɗaga Datti cak sun ɗora shi kan buhunan dankali yana ihun shi bai san hanya ba. Masu kalangu suka koma bakin aiki, mata suka sake sabon kuka, gingimari ta yi ƙugi ta tashi. Yaya Rabi ta bi ta har bakin titi da cokali a hannu, don ta tabbatar bai diro ba.

Kwana tara Gangare ta samu sakat. A kwana na goma da la'asar aka ji hon, yara da manya suka fito. Matafiya suka sauko ɗaya bayan ɗaya, sun yi baƙi sun rame, kowa da ƙullin dabino da cuku.

"Yaya ƙasar waje?" aka tambayi Lukuman.

"Lafiya lau. Hausa suke yi."

Datti ne ƙarshen fitowa, kuma bai sauko ba. Ya tsaya a bayan motar inda kowa zai gan shi, da wata lanƙwasasshiyar hula a karkace, da burodi dogo kamar sanda a hammata.

"Bonjur, jama'a! Marsi, marsi. Dusuma, kada ku ture juna." Ya jira aka yi shiru. "Na gode wa Allah da ya raba ni da Ingila. Ashe ƙauye na zauna ban sani ba. Harka tana wajen Faransa! Babban jandarman boda da kansa ya riƙe hannuna ya ce, Muse Datti, daga nan zuwa Faris hanya a buɗe take gare ka, kai da duk wanda ka ga dama. Saboda haka ranar Litinin zan buɗe ajin Faransanci. Mutum ashirin da huɗu kawai nake bukata. Wa ke so?"

Yaya Rabi ta fara laluben cokalinta. Kafin ta same shi hannaye bakwai sun tashi sama. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sai ta tsaya a kan na kusa da ita.

"Lukuman! Har da kai?"

Lukuman ya sosa ƙeya, bai sauke hannun ba.

"To Yaya, a faɗi gaskiya. Ya ce zai kai mu ƙasar waje, kuma mun je."